Hular Lauya Da Jinginar Fadama

A kowace shekara idan 'yan ajin ƙarshe suka kusa fita, mukan ware rana guda mu tambaye su ɗaya bayan ɗaya abin da kowa yake son zama. Amsar ba ta cika sauyawa ba. 'Yan ajin kimiyya duk likitoci ne, har da wanda ba ya iya kallon yankan kaza. 'Yan ajin adabi kuwa, in an ɗebe biyu ko uku masu sha'awar aikin kwastan, sauran duk lauyoyi ne. Mu kuma sai mu yi murmushi mu sa musu albarka, alhali kuwa mun san a cikin arba'in da wuya a sami ɗaya da zai taka ƙofar tsangayar shari'a. To, mun taɓa samun wannan ɗayan, kuma labarinsa muke son mu ba 'yan'uwa marubuta, domin abin da ya biyo baya har yau bai bar mu mun sakata ba.

Yaron ɗan wani ƙauye ne a bakin fadama, gabas da Haɗeja, ta wajen Kirikasamma. Ba sai mun faɗi sunansa ba, tun da tun yana aji biyu abokansa suka laƙaba masa Lauya saboda tsananin gardama, sunan kuma ya bi shi har ya zama gaskiya. A wancan lokaci makarantarmu tana da wata doka mai tsanani: duk wanda aka kama yana Hausa a cikin haraba sai ya biya tara. Banakula ake ce wa laifin. Da muka ga Lauya ya fi kowa Turanci a ajinsu, sai muka naɗa shi mai rubuta sunayen masu laifi, ya kuwa riƙe aikin da gaske, don ko abokin cin tuwonsa bai ɗaga wa ƙafa ba. Muna alfahari da shi ƙwarai. A shekarar da ya gama, wato 2011, aka naɗa Mai Shari'a Ɗahiru Musdafa, mutumin Ɓaɓura, Alƙalin Alƙalan Nijeriya, muka yi ta ambaton sunansa a wajen taron safe muna cewa ga ɗan Jigawa ya kai ƙololuwa, saura ku. Duk lokacin da muka faɗi haka, idonmu a kan Lauya yake.

Ga mai karatun da bai san hanyar ba, karatun lauya a ƙasar nan hawa biyu ne. Da farko akwai digiri na shekara 5 a jami'a, wanda yajin aikin malaman jami'a kan ja shi ya zarce haka, kamar na 2013 da ya cinye wa su Lauya kusan rabin shekara. Amma wannan digiri shi kaɗai ba ya ba mutum ikon tsayawa gaban alƙali da sunan wani. Sai ya ƙara shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. A da can Landan ake zuwa, kamar yadda Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina ya je aka yaye shi a 1956. Dokar 1962 ce ta kafa tamu ta gida, aka buɗe ta a watan Janairun 1963 a titin Igbosere da ke Ikko da ɗalibai 8 kacal. A 1997 aka mayar da hedkwatarta Bwari kusa da Abuja, daga baya aka buɗe mata rassa, ciki har da na Bagauda a Jihar Kano. Can aka tura Lauya a ƙarshen 2017.

Murna ba ta daɗe ba sai maganar kuɗi ta taso. Kuɗin makaranta kawai ya fi albashinmu na wata da watanni, ga littattafai, ga baƙar kwat da fararen riguna, ga abinci. Mun yi karo-karo a ofishin malamai, abin da muka tara bai kai kuɗin takalmi da littafi biyu ba. Mahaifinsa manomi ne, dukiyarsa duka gonar tudu guda da wani yankin fadama da ya gada, inda yake shinkafa da damina, da rani kuma ya yi tattasai da albasa. Wata rana ya zo mana makaranta a kan keke, ya ce, "Malam, na jinginar da fadamar." Ya ba da ita ga wani mai hali na ƙauyen gaba, ya karɓi kuɗi a gaban shaidu biyu, a kan duk ranar da ya mayar da kuɗi a mayar masa da gona. Ba a rubuta komai ba. Muka ce to, Allah ya sa albarka. Mu da muke da alƙalami a aljihun gaba, ko ɗayanmu bai ce a kawo takarda ba.

Sau ɗaya muka kai masa ziyara Bagauda, cikin hunturu. Wurin tsohon otal ne na zamanin Gwamna Audu Baƙo, a bakin tafki, kudu da Kano a kan hanyar Tiga. Abin da ya fara ɗaukar idonmu shi ne launi: ɗaruruwan samari da 'yan mata, kowa fari da baƙi kamar garken shamuwa, suna sauri da jakunkuna ba mai kallon wani. Ya ce mana da safe ake shiga aji a wuni, da yamma kuma a koma taron rukuni a shirya aikin gobe, domin malami yana iya kiran kowa ya miƙe ya amsa a gaban jama'a. Darussa biyar ne: shari'ar laifuka, shari'ar haƙƙoƙi, dokar kamfanoni, dokar filaye da kadarori, sai ladubban aikin lauya. A tsakiyar shekara a tura su kotuna da ofisoshin lauyoyi su zauna su ga yadda ake yi, su cika littafin rahoto. Akwai kuma dina sau uku tare da dattawan sana'ar, wadda wajibi ce, inda ake lura da shigar mutum da zamansa da yadda yake riƙe cokali. Wannan kam ta ba mu dariya. Yaron da ya tashi da tuwon shinkafa da miyar kifi a akushi, ga shi ana koya masa cin abinci da wuƙa. Abin da ya fi firgita su a lokacin shi ne yadda ake auna sakamako, domin a zamaninsu darasin da ka fi rauni a kai shi ke yanke maka matsayi, ko da ka yi zarra a sauran huɗun. Abokin ɗakinsa ɗan Anambara ne, suna cin garin kwaki tare, suna yi wa juna tambayoyi har tsakar dare. A shekarar ce kuma aka yi ta muhawara kan wata ɗaliba da aka hana rantsarwa a Disambar 2017 saboda hijabi, har aka dawo aka rantsar da ita da hijabinta a Yulin 2018. Ya ce a ɗakin kwanansu an kusa ba hammata iska a kan maganar, washegari kuma aka koma karatu tare.

Da za mu tafi ya rako mu bakin titi, muka tsaya muna duban hanyar Tiga. Muka tuna masa darasin labarin ƙasa na aji huɗu: madatsar Tiga da aka gama a 1974 ita ke riƙe Kogin Kano, shi kuma ya haɗu da na Challawa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim ya iso mana, ya bazu a fadamun da suka miƙa har Nguru. Muka ce masa, ka ga ruwan nan da kake karatu a gefensa, shi ne zai je ya shayar da gonar da ta biya maka kuɗin makaranta. Ya yi dariya ya ce, "Malam, har yanzu ba ku daina ba."

Ya ci jarrabawa. A ƙarshen 2018 aka rantsar da shi a Abuja, ya sa hannu a kundin Kotun Ƙoli, ya dawo gida da hular gashi da baƙar alkyabba. Ranar ƙauyensu ba masaka tsinke. Tsofaffin mata suna ta shafa hular suna tambaya ko gashin tunkiya ne. Abin da ba a faɗa wa masu guɗa ba shi ne, sabon lauya a ofishin wani babban lauya a Kano, abin da yake samu a wata da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata. Ga bautar ƙasa, ga haya, ga kuɗin mota zuwa kotu. Shekara huɗu ya yi yana tara kuɗin fansar fadama.

Kafin ya gama tarawa sai ga ambaliyar 2022. Mutanen ƙasar Haɗeja ba sa bukatar a ba su labarinta. Mun kwana a kan jinga muna cika buhuna da ƙasa, malami da ɗalibi da ɗan kasuwa, ruwa ya yanke hanyoyi, ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri sai da kwalekwale. Dama kacalla ta daɗe da toshe hanyoyin ruwa a fadama, saboda haka in ya zo da yawa sai ya nemi sabuwar hanya, ba ya tambayar gonar wa zai bi. Da ruwa ya janye, gambar da aka dasa a kan iyakoki ta tafi, yashi ya rufe kunyoyi, fadama ta zama shimfiɗa guda kamar ba a taɓa raba ta ba. A cikin wannan shekara kuma Allah ya yi wa mai riƙe da jinginar rasuwa, haka ma ɗaya daga cikin shaidun nan biyu.

Da rani ya shigo a farkon 2023, Lauya ya zo da kuɗi cif, ya ɗauki mahaifinsa suka je wurin magada. Babban ɗan mamacin ya ce shi bai san da wata jingina ba. Abin da ya sani, mahaifinsu ya sayi gona, sun noma ta shekara biyar, har an lissafa ta cikin gado. Ba mu ce ƙarya ya yi da gangan ba, wataƙila abin da ya ji ke nan. Amma dai tsoho ya dawo gida ya kwana uku bai ci abincin kirki ba.

Lauya ya yi abin da aka koya masa. Ya koma Kano ya rubuto wasiƙa shafi uku da Turanci, a kan takarda mai tambarin ofis, da hatimi, da wa'adin kwana 14. Aka kai wa magada, suka kai wa Bulama, Bulama ya juya ta sama da ƙasa ya aiko mana da ita makaranta a fassara masa. Jama'a, a nan ne ido ya raina fata. Muka zauna mu huɗu a ofishin malamai, da malamin Turanci da na Hausa da na addini da na gwamnati, ga ƙamusun Bargery na 1934 a tsakiyar tebur, muka wuni ba mu gama shafin farko ba. Turanci yana da kalma guda ga jinginar banki, wata dabam ga irin tamu ta gargajiya, mu kuwa duk jingina ce. Yana rarrabe mallaka da riƙo da izinin zama a ƙasa, kowanne da hukuncinsa. Da muka gaji muka kira shi a waya muka ce, kai da ka rubuta, faɗa mana da Hausa. Ya fara, ya yi jimla biyu, sai Turanci ya kutso. Ya sake farawa, ya sake zamewa. Can ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Malam na san abin, amma ban san shi da Hausa ba."

Ba mu ga laifin inda ya yi karatu ba. An horar da shi don ya tsaya a manyan kotuna, harshensu kuwa Turanci ne, wanda ba ya ji sai a nemo masa tafinta. Wanda ya fara cin sa tara a kan harshen uwarsa, har ya ba shi littafin rubuta sunayen masu yin sa, ai mu ne. Mun ma ji yadda ya yi ƙoƙarin yi wa mahaifinsa bayanin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, cewa ƙasar jiha duka amana ce a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe ta. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To shi gwamnan ya san inda take?"

Malamin addininmu ne ya ba da shawara a je wurin wani tsohon alƙali da ya yi ritaya a cikin gari. Muka raka Lauya bayan la'asar, muka same shi a zaure kan buzu, littattafai sun kewaye shi. Shi ɗalibin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano ne, wadda asalinta makarantar horar da alƙalai ce da aka buɗe a 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, kafin a sauya mata suna a 1947. Can su Shehu Abubakar Gumi suka yi karatu. Ashe tun kusan shekara 30 kafin a buɗe ta Ikko, Arewa tana da makarantar shari'a tata. Abin lura a nan shi ne yadda ake karatun fiƙihu a ƙasar Hausa tun daga zaure: ɗalibi ya karanto Larabcin Risala ko Muhtasar ko Tuhufa gaɓa gaɓa, malami yana mayar masa da Hausa. Saboda haka duk hukuncin da ya shiga kan almajiri, da rigarsa ta Hausa yake shiga.

Lauya ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam," ya kwashe labari ya faɗa, ya ƙare da cewa damuwarsa ba su da takarda, shaida kuma saura ɗaya. Tsoho ya tambaye shi abu guda: "Su yaran, sun yarda asalin gonar ta mahaifinka ce?" Ya ce sun yarda, cewa suka yi an sayar musu. Sai ya ce, "To ɗana, ai ka ɗauki kayan da ba naka ba. Aikin alƙali na farko shi ne ya gane wane ne mai da'awa, wane ne ake da'awa a kansa. Wanda ya yarda gona taka ce, sannan ya ce ya saya, shi ne mai da'awar ciniki, shi zai kawo hujja." Ya ƙara da cewa riƙon shekara biyar bai kai hauzi ba, domin tsakanin bare da bare shekara goma ne, kuma abin da aka karɓa jingina ba a cin sa da hauzi. Ko da ma an juya nauyin a kansu, a mazhabar Malikiyya shaida ɗaya da rantsuwar mai haƙƙi suna tabbatar da dukiya. Daga nan sai ya ɗaure fuska ya ce akwai wadda ba za ta yi wa kowa daɗi ba: wanda ya ba da rance ya riƙe gona, malamai ba su halatta masa cin amfaninta ba, ko da yake mutanenmu sun daɗe suna yi. In aka je gaban alƙali, maganar shinkafar shekara biyar tana iya tashi.

Muna kallon Lauya, sai muka ga ya dafe kai. Ya ce ai ya san wannan. Akwai hukuncin Kotun Ƙoli na 1986, shari'ar Onobruchere da Esegine daga tsohuwar Jihar Bendel, inda wasu suka ce jingina ce, wasu suka ce ciniki ne, Mai Shari'a Oputa ya ce nauyin hujja yana kan wanda ya yarda da asalin mallaka sannan ya yi da'awar saye. Ya haddace ta, ya rubuta ta a jarrabawa, har ma ya san ƙa'idar dokar gargajiya cewa jingina ba ta tsufa ta zama ciniki. Amma da maganar ta zo masa daga bakin mahaifinsa, da Hausar ƙauye, da kuka a ciki, bai gane ita ce ba. Tsohon alƙali ya yi dariya har da tari, ya ce a kawo mana shayi.

A nan muke so mu ɗan ja hankalin 'yan'uwa masu rubuta ƙagaggun labarai. Mun karanta littattafai da dama da jarumin barista ne, kuma kusan duka kotun da ke ciki ta finafinan Indiya ce: lauya yana zagaya ɗaki yana nuna yatsa, alƙali yana buga guduma, a yanke hukunci a zama ɗaya, jaruma ta faɗi sumammiya. Har yanzu muna jiran wanda zai rubuta mana kotun da muka sani, mai benci da muhuti da ɗan aike, inda ake ɗaga shari'a sau bakwai a kan kunya uku ta gona, inda tafinta kan juya magana ta fito da wata kama. Kalmomin suna nan a bakin tsofaffin alƙalai da muhutai da bulamai: da'awa, iƙirari, i'izari, hauzi, shufa'a, tazkiyya. Alƙali Haliru Binji ya rubuta Ibada da Hukunci da Hausa tun tuni, bai jira kowa ba. Masu riƙe da waɗannan kalmomi kuwa kullum raguwa suke yi, wanda muka je wurinsa ma ya haura tamanin.

Ba a je kotu ba. An zauna a ƙofar gidan Bulama ranar wata Juma'a bayan an sauko, da liman da shaidan da ya rage da magada su biyar. Lauya bai sa kwat ba, ya zo da farar riga da hula, ya zauna a ƙasa bayan mahaifinsa. Da aka ba shi dama ya yi magana da Hausa tsantsa, a hankali, yana kiran babban ɗan mamacin Yaya. Ya bayyana musu wanda nauyin hujja yake kansa, ya ambaci maganar amfanin shekara biyar sau ɗaya bai nanata ba. Sau biyu muka ga Turanci ya zo masa har leɓe ya haɗiye. Shaida ya faɗi abin da ya gani, liman ya yi nasiha, magada suka koma gefe suka yi shawara. Aka daidaita a kan su karɓi kuɗinsu, su kwashe albasar da suka riga suka dasa, tsoho kuma ya yafe abin da aka ci a baya. Wannan karon an rubuta, shafi ɗaya da Hausa, kofi uku, mu muka riƙe alƙalami. Sai da aka yi kusan rabin sa'a ana gardama a kan ko a rubuta "an mayar" ko "an fanshe", Lauya ya dage a kan ta biyu, don ita ce ke nuna ba a taɓa sayarwa ba.

Saura iyaka. Washegari aka fita da fatanya da igiya, aka yi ta tono a cikin yashi ana neman saiwar gamba. An samu ta gabas da ta arewa. Ta kudu kuwa, bututun tsohuwar rijiyar ban ruwa da tsoho ya kafa da hannunsa aka tarar, daga shi aka auna taki goma sha biyu kamar yadda ya tuna. Ta yamma ba a same ta ba, domin sabuwar hanyar da ruwa ya yanka a 2022 ta bi ta nan, ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonar, yanzu masunta ne ke kafa mali a wurin. Mahaifinsa ya tsaya a bakin gaɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya tambayi ɗansa ko a cikin littattafansu akwai inda aka yi maganar gonar da ruwa ya ci. Lauya ya ce akwai, a Turanci da Larabci duka. Tsoho ya ce to in ya zo hutun Salla ya karanta masa.

Ya ciro wani ƙaramin littafi daga aljihu ya rubuta. Da muka leƙa, sai muka ga irin littafin nan ne mai shafi 40 da muke ba masu rubuta sunayen 'yan banakula, ya raba kowane shafi gida biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama. Gefen dama rabinsa fari ne. Ya ce akwai kalma goma sha ɗaya da yake so mu tambayar masa tsohon alƙali kafin ya dawo, muka karɓi takardar muka sa a aljihu. Mun kai masa bakwai, saura huɗu.